Muhawara: Shin yanyanka abu ƙanana-ƙanana a sake sarƙe shi yana ƙara masa juriya?

Injiniya Bashir:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina so in kawo wata magana wadda da farkon jinta za a ɗauka ta saɓa wa hankali. Mun saba da cewa abin da aka zuba dunƙule guda, babu haɗi babu ɗinki, shi ne mafi aminci, kuma duk inda aka ga mahaɗa to nan rauni yake. Sai dai akwai wani reshe na binciken kayan ƙira da ya ginu a kan akasin haka, inda ake ɗaukar abu mai tauri amma mai gautsi, kamar gilashi ko tangaran, a mayar da shi ƙananan tubala masu siffa ta musamman, sannan a sarƙe su da juna, sai abin da aka samu ya fi dunƙulen asali jure duka da tsagewa.

Hujjar da aka fi kafawa ita ce shimfiɗar nan mai sheƙi da ke cikin ƙwanson wasu halittun teku, irin su abalon da waɗanda ake samun lu'ulu'u a cikinsu. Kimanin kashi 95 cikin ɗari na wannan shimfiɗa ma'adinin aragonait ne, wanda sinadarinsa ɗaya da na alli, sauran kashi 5 kuma furotin ne da makamantansa masu laushi. Ma'adinin ba a dunƙule yake ba, a jere yake faifai-faifai, kowane faifai kaurinsa kusan rabin maikiromita (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), faɗinsa kuma maikiromita kaɗan, an ɗora su kamar yadda magini ke jera bulo yana gocar da mahaɗar kowane layi, abin mai laushi kuma yana tsakaninsu a matsayin kwaɓi. Gwaje-gwajen shekarun 1970 da 1980 sun nuna cewa makamashin da ake kashewa kafin a raba wannan shimfiɗa biyu yana iya ninka na ma'adinin zalla har kusan sau 3,000. Ra'ayina shi ne, ci gaban da za a samu a kayan ƙira masu juriya nan gaba zai fi fitowa daga tsara mahaɗa da siffar tubala, fiye da neman sabon sinadari.

Malam Habibu:

Wa alaikumus salam, Injiniya. Ban musa abin da ka faɗa game da ƙwanson ba, amma ina ganin ka yi saurin yanke hukunci. Duk wanda ya yanka faifan gilashi gida ɗari ya sake jera su, to ya rage nauyin da faifan zai ɗauka kafin ya fara lanƙwasa, kuma ya rage ƙarfinsa idan aka ja shi ta gefe biyu, domin mahaɗar da ba a narke ta zama ɗaya ba ba za ta riƙe ja kamar jikin abin ba. Mai zanen gada ko injin jirgi yana fara tambayar nauyin da abu zai ɗauka ba tare da ya sauya siffa ba, kuma a wannan ma'auni dunƙule ne ke gaba a mafi yawan lokuta. Ina so a faɗi abin da ake rasawa a fili kamar yadda ake faɗin abin da ake samu.

Dokta Rakiya:

Malam Habibu yana da gaskiya, kuma masu wannan bincike ba su ɓoye wannan hasara ba. Abubuwa biyu ake aunawa, kuma sau da yawa ba sa tafiya tare. Na farko shi ne nauyin da abu zai ɗauka kafin ya fara lalacewa, na biyu kuma shi ne yadda yake hana tsagar da ta riga ta fara ci gaba da tafiya. Gilashi yana da na farkon sosai a bisa ƙa'ida, amma kusan ba shi da na biyun.

Injiniyan Ingila A. A. Griffith ne ya fayyace dalilin haka a 1921. Ya nuna cewa abu mai gautsi ba ya karyewa saboda dukkan jikinsa ya gaza, yana karyewa ne saboda wata ƙaramar tsaga da ido ba ya gani, wadda nauyi ke taruwa a bakinta, kuma gwargwadon tsawon tsagar gwargwadon sauƙin da take samu ta ci gaba. Shi ya sa ya tarar siraran zaren gilashi sun fi sandar gilashi mai kauri ƙarfi nesa ba kusa ba. A ƙarfe irin wanda ke lanƙwasa, bakin tsagar yana dakushewa saboda ƙarfen da ke gabanta yana miƙewa ya sha makamashin. A tangaran da gilashi babu wannan miƙewa, don haka tsaga ɗaya tana ratsa abin daga wannan baki zuwa wancan cikin ƙiftawar ido.

To idan abin ba zai iya miƙewa da kansa ba, sai a ba shi wata hanyar shan makamashi, kuma wannan hanya ita ce mahaɗa. Robert Ritchie na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya daɗe yana rubutu a kan wannan saɓani na ƙarfi da juriya, kuma abin da ake nema a fagen shi ne a rasa kaɗan daga na farko a samu mai yawa daga na biyu.

Aminu:

Malama, ina neman ƙarin bayani a kan wani abu da ya shige mini duhu. Idan mahaɗar tana da rauni har tsaga za ta fi son bin ta, me zai hana faifan nan su zare daga juna a layi ɗaya, abin ya rabu biyu cikin sauƙi fiye da da?

Dokta Rakiya:

Tambayarka ita ce zuciyar al'amarin, Aminu, kuma da a ce faifan a miƙe suke sumul da abin da ka faɗa ne zai faru: wuri ɗaya zai fara zamewa, sauran jikin abin ba zai yi komai ba, sai ya tsinke a nan. Abin da François Barthelat da Horacio Espinosa da abokan aikinsu suka nuna a wajajen 2007 shi ne faifan ba sumul suke ba, fuskarsu tana da tudu da kwari, har wasu sun fi kauri a gefe fiye da tsakiya. Saboda haka idan faifai ya fara zarewa daga tsakanin maƙwabtansa, yana ƙara matsewa ne maimakon ya saki, kuma kowane ɗan motsi na gaba yana buƙatar ƙarfin da ya fi na baya. Da zarar wannan wuri ya yi tauri, sai zamewar ta koma wata mahaɗar da ba ta motsa ba tukuna, haka har dubban mahaɗai su shiga aikin, kowacce ta sha nata rabon makamashin ta hanyar gugar juna da miƙewar furotin. Akwai kuma ƙananan ƙuraje a fuskar faifan da siraran gadoji na ma'adini da ke haɗa faifai da na samansa, waɗanda su ma suna ƙara turjiya.

Daidaiton yana da wuya ƙwarai. Idan matsewar ta yi yawa, faifan da kansu za su karye, a koma gidan jiya. Idan ta yi kaɗan, abin da ka faɗa zai faru. Wani abin lura kuma shi ne wannan hali yana bayyana ne idan shimfiɗar tana da danshi, inda take iya miƙewa kusan kashi ɗaya cikin ɗari kafin ta tsinke, amma idan ta bushe sarai sai ta koma karyewa farat ɗaya kamar tangaran.

Malam Lawal:

Ni aikina duba walda ne, kuma wannan magana ta tuna mini darasin da ake koya wa duk mai shiga wannan sana'a. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera jiragen dakon kaya samfurin Liberty guda 2,710, kuma domin sauri aka haɗa farantan jikinsu da walda maimakon ƙusoshin da aka saba dasawa. Da yawa daga cikinsu sun tsage a ruwan sanyi, wasu har suka rabu biyu. Jirgin dakon mai Schenectady, wanda shi ma da walda aka haɗa shi, ya dare gida biyu a Janairun 1943 yana tsaye a bakin tasha a Portland, babu igiyar ruwa babu hari. Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ta nuna cewa ƙarfen da kansa yana komawa mai gautsi idan sanyi ya kai wani mataki. Amma abin da ya shafi muhawararmu shi ne, a jirgin da aka haɗa da ƙusoshi tsaga tana tsayawa a bakin farantin da ta fara, domin ba ta da hanyar tsallakawa zuwa na gaba, alhali walda ta mayar da jikin jirgin faranti ɗaya wanda tsaga za ta iya zagaye shi. Ɗaya daga cikin gyare-gyaren da aka yi shi ne a tsaga farantin da gangan a wasu wurare a rufe da wani ƙarfen da aka dasa da ƙusoshi, domin a samar wa tsaga wurin tsayawa.

Injiniya Bashir:

Na gode, Malam Lawal, wannan misali ya kawo mu ga ɗaya ɓangaren, wato tubalan da ke riƙe juna da siffarsu kawai ba tare da wani manni ba. A 1699 wani injiniyan Faransa, Joseph Abeille, ya gabatar wa cibiyar masana kimiyya ta Faris da rufin dutse shimfiɗaɗɗe wanda aka yi da duwatsu masu siffa iri ɗaya, an sassaƙa gefensu a karkace ta yadda kowane dutse yana kwance a kan maƙwabta biyu, shi kuma yana tallafe wasu biyu. John Smeaton ma, da ya gina hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Eddystone wadda aka kammala a 1759, ya sassaƙa duwatsun ta yadda kowanne ya shige cikin na kusa da shi ba zai zaru ba, saboda igiyar teku.

A 2001 Arcady Dyskin da Yuri Estrin da Elena Pasternak da Alexei Kanel-Belov suka farfaɗo da wannan tunani a matsayin hanyar ƙera kaya. Sun jera tubala masu fuska huɗu, kowace fuska alwatika, a shimfiɗa ɗaya, ta yadda babu tubalin da za a iya turawa sama ko ƙasa saboda maƙwabtansa sun tare shi, daga baya kuma suka fito da wasu tubalan masu lanƙwasassun fuskoki. Idan aka danna irin wannan faifai na jerarrun tubala a tsakiya yana lotsawa a hankali maimakon ya fashe, idan tubali ɗaya ya farfashe tsagar ba ta shiga na kusa da shi, kuma ana iya cire wasu tubalan faifan bai rushe ba. Ana iya kwance shi a sauya wanda ya lalace a sake jerawa.

Malam Habibu:

Injiniya, ka bar abu mafi muhimmanci a wannan tsari, wato firam ɗin da ke kewaye. Tubalan Abeille da na Dyskin ba sa riƙe juna sai an matse su daga gefe, domin duk nauyin da aka ɗora a tsakiya yana komawa turi zuwa waje, kuma dole wani abu ya tare wannan turi, ko bango mai kauri, ko firam na ƙarfe, ko wayoyin da aka ratsa ta ciki aka ɗaure. Ashe ke nan ba a kawar da wuri guda da zai iya rusa komai ba, an dai ɗauke shi daga tsakiya an kai shi gefe. Idan firam ɗin ya saki, faifan gaba ɗaya ya zube.

Akwai ƙari a kan haka. Ƙarfe da tangaran ba sa buɗewa daidai da juna idan zafi ya tashi, don haka matsin da aka saita a ɗakin gwaji zai sauya a wurin aiki. Kuma tunda gugar juna ce ke shan makamashin, duk lokacin da tubalan suka motsa fuskokinsu suna cinyewa, abin da ke nufin halin faifan bayan an ɗora masa nauyi an sauke sau dubbai ba zai zama irin na ranar farko ba. Halittar teku tana da rai, tana ci gaba da shimfiɗa sabon ma'adini a cikin ƙwansonta, amma faifan da muka ƙera ba ya gyara kansa.

Malama Zainab:

Ina da gyara kaɗan a kan adadin nan na 3,000, saboda ana yawan ambatonsa ba tare da an ce a wane ma'auni ba. Adadin na makamashi ne. Ma'aunin da injiniyoyi suka fi amfani da shi wajen lissafin tsaga yana tafiya ne da saiwar makamashin, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da adadin, kuma saiwar 3,000 ba ta wuce kusan 55 ba. Ninki hamsin ma abin mamaki ne, amma ya kamata mai karatu ya san wanne ake nufi idan ya ga irin waɗannan alƙaluma a labarai.

A ɓangarena na kimiyyar sinadarai kuma, matsalar firam da Malam Habibu ya kawo tana da wata amsa, wato sarƙe tubalan kamar zobban sarƙa, inda babu buƙatar matsi daga waje. Jean-Pierre Sauvage ya samo hanya mai inganci ta sarƙe zobban ƙwayoyin sinadari biyu a 1983, kuma wannan aiki yana cikin abin da ya sa shi da Fraser Stoddart da Bernard Feringa suka samu kyautar Nobel a 2016. A farkon 2025 ɗakin binciken William Dichtel na Jami'ar Northwestern ya bayyana wani faifan folima, wato sinadari dangin roba, wanda ƙwayoyinsa ke sarƙe da juna ta fuska biyu, da irin wannan sarƙewa kusan tiriliyan 100 a kowace murabba'in santimita. Sun fara jera ƙwayoyin ne a tsararren jeri irin na ƙwayar gishiri, sannan suka ɗinke su a inda suke. Da aka gauraya kashi 2.5 kacal na wannan abu cikin zaren robar Ultem, ƙarfin zaren da juriyarsa sun ƙaru. Kowace mahaɗa tana da ɗan filin motsi kafin ta ƙulle, wanda shi ne dai halin da Dokta ta bayyana a faifan ƙwanso, amma a mataki mafi ƙanƙanta.

Aminu:

To ta yaya ake jera tubalan da ido ba ya gani? Idan kaurin kowanne rabin maikiromita ne, ai santimita ɗaya tana buƙatar layi 20,000.

Dokta Rakiya:

Lissafinka daidai ne, kuma a ganina nan ne ainihin cikas ɗin yake, fiye da batun firam. Ba wanda zai jera su ɗaya bayan ɗaya, sai dai a nemi wani abu da zai jera su da kansa. Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta ƙanƙara. Ana dama garin alumina, wani nau'in tangaran, a ruwa a daskarar da shi daga gefe ɗaya, ƙanƙarar tana girma falle-falle tana ture garin zuwa tsakanin fallayenta, sannan a busar da ƙanƙarar a gasa abin da ya rage, a matse shi, a cika ramukan da roba. A 2008 ƙungiyar Ritchie da Antoni Tomsia ta samu ta wannan hanya abin da juriyarsa ta ninka ta abubuwan da aka haɗa shi da su kusan sau 300 a ma'aunin makamashi. Raunin wannan shi ne robar ba ta jure zafi, alhali saboda zafi ake neman tangaran tun farko. A 2014 Florian Bouville da Sylvain Deville da abokansu a Faransa suka yi irinsa babu roba ko kaɗan, da faifan alumina da ɗan siririn gilashi a tsakaninsu, kuma ya riƙe halinsa har zafin digiri 600 a ma'aunin Salshiyas.

Wata hanyar kuma ita ce a fara da dunƙule a zana masa mahaɗai daga ciki. A Jami'ar McGill ta Kanada, ɗakin binciken Barthelat ya yi amfani da hasken leza ya zana layuka masu lanƙwasa a cikin gilashi, inda kowane ɓangare ke da harshe mai faɗin kai da ya shige cikin na kusa da shi, kuma a 2014 suka ba da rahoton juriyar da ta ninka ta gilashin asali sau 200. A 2019 suka yi gilashi mai hawa-hawa wanda ana gani ta cikinsa, ya kuma fi gilashin da aka gasa da wanda aka manna da roba a tsakiya jure duka sau biyu zuwa uku. Amma mafi yawan waɗannan samfura ba su wuce tafin hannu ba.

Injiniya Bashir:

Inda nake ganin amfanin zai fara bayyana shi ne haɗa abubuwa biyu da ba sa karɓar walda, kamar ƙarfe da faifan zaren kabon. A 2020 David Kisailus da Pablo Zavattieri da abokansu suka binciki wani ƙwaro na yammacin Amurka wanda ba ya tashi, wanda ke jure nauyin da ya ninka na jikinsa kusan sau 39,000. Murafan fikafikansa biyu sun haɗu a tsakiyar bayansa da harsuna masu shiga juna, kuma cikin kowane harshe hawa-hawa yake, don haka idan aka ja sai hawayen su ɗan rabu da juna a hankali maimakon wuyan harshen ya tsinke. Sun kwaikwayi wannan siffa suka haɗa zaren kabon da ƙarfe, suka kwatanta shi da irin ƙusar da ake amfani da ita a jiragen sama.

Akwai kuma masu neman abin da zai sauya hali. A jami'ar Caltech ta Amurka, ƙungiyar Chiara Daraio ta buga wani sulke na roba a 2021, wanda zobbansa siffofi ne masu fuska takwas da babu komai a cikinsu. A sake yana naɗuwa kamar yadi, amma idan aka sa shi a jaka aka zuƙe iskar sai zobban su cushe da juna ya sandare fiye da sau 25. A jami'ar MIT ta Amurka kuma, Kenneth Cheung da Neil Gershenfeld sun nuna tun 2013 cewa ana iya harhaɗa ƙananan giciye na zaren kabon su zama raga mara nauyi mai ƙarfi, wadda ake iya kwancewa a sake ginawa.

Malam Habibu:

A wuraren da duka ke zuwa sau ɗaya kuma abin da ake tsoro shi ne fashewa farat ɗaya, kamar rigar kariya, gilashin taga, ko rufin da ke fuskantar zafi mai tsanani inda dunƙulen tangaran ke tsagewa saboda gefe ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, zan goyi bayan wannan tsari ba tare da jinkiri ba. A wuraren da nauyi ke hawa da sauka dare da rana na shekaru, ko inda ake buƙatar hana ruwa da iska wucewa, ina so in ga sakamakon gwajin maimaita nauyi na dogon lokaci tukuna.

Malam Lawal:

Ni kuma damuwata ta sana'a ce. Muna gano tsaga a cikin ƙarfe ne ta hanyar aika sauti mai tsananin kaifi mu saurari inda ya dawo, kuma duk mahaɗar da ba ta narke ba tana mayar da sautin kamar yadda tsaga ke yi. A abin da aka cika da mahaɗai dubbai da gangan, ta yaya mai dubawa zai bambance mahaɗar da ke aikinta da wadda ta cinye ta kusa saki?

Dokta Rakiya:

Malam Lawal, neman tsaga guda ba zai yi amfani a nan ba, dole a koma auna halin abin gaba ɗayansa. A faifan da ke da firam ana iya sa ma'auni a kan wayoyin ɗaurin a riƙa karanta matsin, domin cinyewar fuskoki za ta bayyana a matsayin raguwarsa. Ana kuma iya ƙwanƙwasa faifan a auna yadda yake girgiza da saurin da girgizar ke mutuwa, tunda mahaɗan da suka saki suna sauya duka biyun, sai a kwatanta da abin da aka auna ranar da aka kafa shi. Idan kana da na'urar auna girgiza a wurin aikinka, ina so mu tsara gwaji da faifan tubala na tangaran, mu sassauta ɗaurin mataki-mataki mu ga a wane mataki ne na'urar za ta fara nuna bambanci.